Yadda Manomi Zai Gano 'Yan Ayyukan da Ke Cika Rumbu, Ya Zuba Musu Ƙarfinsa

Damina a arewacin Jigawa gajeruwa ce. Daga Gumel zuwa Maigatari da Babura, ruwa kan zauna ne a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kafin Satumba ta fita kuma ya fara ɗaukewa. Mutanen kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, sun ɗan fi samun sarari, amma ko su ayyukan damina sun fi hannayen gida yawa. Abin da yawancin magidanta ke yi shi ne su raba kansu daidai wa daida: yau gonar bayan gida, gobe ta daji, jibi kasuwa, gata a leƙa fadama. Kowace gona ta ga fartanya, babu wadda ta ƙoshi da ita. Da kaka sai a ce bana ƙasa ce ba ta yi ba.

Ayyukan gona ba darajarsu ɗaya ba. Akwai 'yan kaɗan da idan suka kuɓuce, shekara ta tafi, akwai kuma tarin waɗanda ko an jinkirta su mako guda babu abin da zai ragu a rumbu. A 1896 wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsu yana hannun kashi 20 cikin 100 na mutane. Daga baya masu masana'antu da 'yan kasuwa suka riƙa ganin irin wannan karkata a harkokinsu: kaɗan daga cikin kaya ke kawo yawancin riba, kaɗan daga cikin matsaloli ke jawo yawancin asara. Kada ka riƙe 80 da 20 ɗin nan kamar ƙa'idar da ba ta motsi. A gonarka yana iya zama 70 da 30. Karkatar ce abin nema, kuma ga yadda ake nemo ta.

Mataki na 1: Zauna da lissafin bara

Lokacin wannan aiki rani ne ko farkon bazara, kafin a fara sharar gona. Ka sami littafin makaranta guda da biro. In rubutun boko bai zauna maka ba, ka yi da ajami, ko ka kira yaro ya rubuta kana faɗa.

Kowace gona shafinta daban. A kai a rubuta abin da ta bayar bara: dami nawa na gero, nawa na dawa, buhu ko tiya nawa na wake, gyaɗa, riɗi ko zoɓo. Wannan bai kai wuyar da ake zato ba, domin duk wanda ya fitar da zakka ya riga ya ƙirga. Wanda ya ware ɗaya cikin goma na noman damina, ko ɗaya cikin ashirin na abin da ya shayar da inji, ya san adadin da ya ɗauko. Abin da ba a saba yi ba shi ne rarrabe wace gona ce ta kawo me, sai a haɗe komai a bakin rumbu. Ka rarrabe. Harawa da kara ma a sa su, don a shekarar da abincin dabbobi ya yi tsada harawar wake kaɗai tana iya biyan kuɗin noman gonar.

A ƙasan shafin sai abin da gonar ta ci: iri, taki, magani, kuɗin huɗa, 'yan ƙwadago, da kuɗin amalanke ko man babur. Daga nan sai abin da kusan kowa ke mantawa, wato kwanakin da kai da yaran gida kuka yi a cikinta, har da tafiya da dawowa. Ƙarfin ɗanka ba kyauta ba ne don kawai ba ka ciro kuɗi daga aljihu ba. Ranar da ya yini a gonar daji, wata gonar ce ta rasa shi.

In za ka iya tuna na bara waccan, ka ƙara. Shekara guda tana iya yaudara, musamman wadda aka yi ambaliya ko ruwa ya ɗauke da wuri.

Mataki na 2: Jera gonakin, ka yanke hukunci

A ce gida yana da gona huɗu. Ta bayan gida ƙarama ce, amma kowace shekara tana shan takin awaki da tokar murhu, ta ba da dami 40 na gero da buhun wake biyu. Ta biyu tana bakin hanya, dawa da gyaɗa, tana biyan kanta da ɗan ragi. Akwai ɗan fegi a fadama da ake yin albasa da rani, wanda shi ya yi kuɗin Sallah da na makaranta. Sai babbar gonar daji, tafiyar awa guda, rairayi zalla, ƙuduji ya kama ta, ta ba da dami 12 bayan ta cinye kusan rabin kwanakin gida. Da ka jera su a takarda, ba sai wani ya yi maka bayani ba.

Nan ne aikin ya fi ɗaci, domin gonar dajin ita ce ake nuna wa baƙo daga nesa a ce "duk wancan namu ne." Sau da yawa kuma ta gado ce. Ba cewa ake a sayar ba, sayar da gona magana ce daban mai nauyi. Hanyoyin rage mata ƙarfi suna da yawa. Kana iya noma rabi ka bar rabi ya huta. Kana iya ba da ita aro ko haya na shekara guda, a gaban shaidu da sanin mai unguwa, don kada aro ya rikiɗe ya zama rigima. Kana iya daidaitawa da makiyayi ya kwantar da shanunsa a kai da rani. Ko ka sauya mata shuka: ƙudujin da ke cin gero da dawa ba ya rayuwa a kan gyaɗa, don haka shekara ɗaya ko biyu ta gyaɗa tana rage masa ƙarfi, ƙasa kuma ta ɗan farfaɗo. Wanda duk ka zaɓa, ƙa'idar ita ce gonar da ta fi kawowa ita ke fara samun iri mai kyau, taki da safiyar mutanen gida. Sauran su bi layi.

Mataki na 3: Fitar da ayyukan da ba sa jira

Bayan gonaki sai ayyuka. Tambayar da za ka yi wa kowane aiki guda ce: in na jinkirta shi kwana bakwai, me zan rasa? Gyaran danga, yaɓen katanga, kai garma wajen maƙeri da tsakiyar damina alhali da rani ya kamata, zuwa jin farashi a kasuwa, duk waɗannan amsarsu "ba komai" ce ko "kaɗan." Waɗanda amsarsu ke tayar da hankali, a noman hatsi da wake, ba su wuce biyar ba.

Iri. Kafin ruwa ya sauka, ka ƙirga ƙwaya 100 daga irin da za ka shuka, ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kamar mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80 ko fiye, Alhamdulillahi. In sun tsaya wajen rabi, ka nemi wani irin tun da sauran lokaci. Aikin rabin awa ne da ke hana sake shuka, sake shuka kuwa a inda damina ke da wata uku asarar mako biyu ce da ba ta dawowa. Inda ruwa ke saurin ɗaukewa, ka tambayi malamin gona na JARDA ko KNARDA, hukumomin bunƙasa noma na Jigawa da Kano, game da iri mai saurin nuna, irin geron SOSAT, da nau'o'in wake na SAMPEA da gyaɗar SAMNUT da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitarwa. Ka kuma cuɗa irin da maganin iri kafin shuka.

Shuka a kan lokaci. Ranar da aka yi ruwan shuka na sosai, wanda ka tona ƙasa ka ga laima ta nutsa, komai na gida ya tsaya sai shuka, kuma daga gonar da ta zo ta ɗaya a littafi za a fara. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karantawa da Hausa. Hasashe ne, amma yana taimaka wa mai tunanin yin binne ya san ko zai yi ko zai dakata.

Noman firi, wato noman farko na cire ciyawa. In da za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak a duk damina, wannan zan ɗauka. Makonni biyu zuwa uku bayan tsiro, gero bai yi tsawo ba, saiwarsa ba ta yi nisa ba, ciyawa kuwa tana shan ruwa da taki iri ɗaya da shi, kuma ta fi shi sauri. Ka duƙa ka duba gindin geron da aka bari ciyawa ta rufe: siriri, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, yana miƙa wuya neman rana. Ko ka zo ka share gonar tas a mako na shida, wannan geron ba zai yi 'ya'ya kamar na maƙwabcinsa da aka nome da wuri ba, zangarniyarsa kuma za ta fito gajeruwa. Maimai yana da amfani, amma bai kai firi ba. Saboda haka in kuɗin ƙwadagonka na zagaye ɗaya ne, a nan za ka kashe shi. In gayya za ka kira, yanzu ne, kuma ka faɗa wa mutane tun ranar shuka, domin a makon nan kowa neman hannu yake. A wannan zagayen ne ake rage tsiro, a bar biyu ko uku masu ƙarfi a rami. Mutane da yawa na jin tausayin cirewa, sai su bar goma suna cin juna.

Sa taki inda shuka za ta ci. Buhu biyu da aka watsa a gona huɗu ba ya nuna kansa ko'ina. Masu bincike na cibiyar noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, waɗanda suke da ofis a Kano, sun daɗe suna koyar da hanyar sa taki kaɗan-kaɗan a gindin shuka: murfin kwalbar lemo guda na NPK, kimanin giram 6, a kowane rami, a ɗan gefe yadda ba zai taɓa iri ko saiwa ba, a rufe da ƙasa. Yuriya kuma, mai sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, sai bayan an yi noma, shuka ta kai wata guda zuwa mako shida, ƙasa da laima. Dole a binne ta. Yuriyar da aka bari a fili rana na dukanta, wani kaso nata iska ke kwashewa. Kuma kada a sa taki a gonar da ba a nome ba, ciyawa ka ciyar.

Feshin wake. Wake yana iya yin yabanya ya rufe ƙasa, kowa ya wuce yana sa albarka, a zo roro a tarar babu komai, saboda ƙananan ƙwari sun zubar da fure, tsutsa ta shige cikin kwanso. Feshi biyu zuwa uku a daidai gaɓa ya fi shida na barkatai: lokacin da ya fara ɗaukar fure, lokacin da furen ya buɗe sosai, da lokacin da kwanso ya fara fitowa. A yi da sassafe ko da yamma in iska ta kwanta, a rufe hanci da baki da jiki, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da roro. Yara ƙanana ba sa feshi.

Mai shinkafa a Kura ko Kadawa, da mai alkama a kwarin Haɗejia, jerinsu zai bambanta da wannan: dashe a kan lokaci, ban ruwa, tsaron tsuntsu. Tambayar kwana bakwai ɗin dai ita ce za ta fitar musu da nasu.

Mataki na 4: Ɗaure kuɗin tun da rani

Kuɗin da ba a ba shi suna ba, biki ne ke cinye shi. Da ka sayar da albasa ko rago, ka fara cire na waɗannan ayyuka biyar. Taki da maganin iri a saya a ajiye kafin ruwa ya sauka, lokacin da ba a rububi. Kuɗin 'yan firi a ware shi daban, in ka san hannunka ba ya riƙo ka ba uwargida ajiya, ko ka daidaita kwasar adashinka ta faɗo a farkon damina. Wanda ya shiga damina da niyyar "in lokacin ya zo Allah zai kawo," yakan ƙare da cin bashin da za a biya da hatsi a farashin kaka.

Mataki na 5: Tsara yini da mako

Daga sallar Asuba zuwa hantsi ya ɗaga, nan ƙarfin mutum yake. Wannan lokacin na babban aiki ne a gonar da ta zo ta ɗaya a littafi. Kaifin fartanya, gyaran ƙota, cika jarkar ruwa, duk a yi su tun daren jiya, don kada safiya ta tafi a neman igiyar sa. Ƙananan hidimomi a tara su zuwa bayan La'asar.

Sai maganar kasuwa. Maigatari na ci ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Gujungu ranar Lahadi, ga na ƙauyukan kusa. Mai son yawo zai iya cin kasuwa kusan kullum, ya dawo da goro da labari. A makonni shida na farkon damina ka zaɓi guda ɗaya, ka tara buƙatunka, farashi kuwa waya ta isa ta gaya maka, har na Dawanau.

Mataki na 6: Koyi cewa "ba yau ba" cikin ladabi

Wannan ya fi noman wuya. Jana'iza da duba mara lafiya ba sa cikin abin da ake ɗagawa, haƙƙi ne. Amma rakiyar siyan babur, zaman sulhun da zai iya jira, taron siyasa da aka ce za a raba wani abu, waɗannan suna da wata rana. Ba sai ka yi gatsali ba. In ƙanin mahaifinka ya aiko a raka shi birni ana tsakiyar firi, ka taka da kanka bayan Magariba, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: "Baba, a yi mini haƙuri, ciyawa ta taso wa gonar bayan gida. In Allah ya kai mu Asabar na gama, ni zan zo in ɗauke ka." Dattijon da ya yi noma ya san abin da kake faɗa, sau da yawa ma shi zai ce ka je ka gama. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a ce "to" sannan a ƙi zuwa.

Cikin gida kuma a raba aiki bisa wannan jeri. Manya da masu ƙarfi a kan ayyukan da ba sa jira, yara a kan yankan ciyawar dabbobi da kai abinci. Ranar gayauna ta samari a bar musu ita, don wanda aka hana nasa ba ya yin na gandu da zuciya ɗaya.

Mataki na 7: Kaka, inda ake zubar da abin da aka tara

Aikin wata huɗu yana iya lalacewa a mako biyu. Riɗi in ya wuce lokaci kwansonsa fashewa yake, ya zube a ƙasa. Da ganye ya fara rawaya yana kaɗewa, kwanson ƙasa ya sauya launi, a yanke, a ɗaure, a jingina a tsaye, a kaɗe a kan tamfol. Gyaɗa a busar da ita sosai kafin ta shiga buhu, domin mai laima tana yin fumfuna mai guba. Zoɓo, wanda yawancin na fitarwa ƙasar Meziko ake kai shi, a shanya shi a kan shimfiɗa, yashi da tsakuwa na karya masa daraja a wajen masu awo.

Wake kuwa maganarsa ajiya ce. Buhun PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A busar da wake sarai, a duba ledojin ko akwai huda, a zuba, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta ita kaɗai, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwaron da ke ciki rashin iska ke kashe shi, ba a sa magani ko kaɗan. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, na cin gida a ware shi daban. Wanda ya iya riƙe wakensa ya wuce rububin kaka, yawancin shekaru yakan sami farashin da ya fi, kuma bai ƙara ko kunya ɗaya a gona ba.

Uwargida ma da nata littafin

Ke da kike ƙuli-ƙuli, ga awara, ga ɗinkin hula, ga 'yan kaji da awaki, ga ɗan kayan miya a faranti: taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ki ɗauki wata guda kina rubuta jarin kowace sana'a da abin da ya dawo, har da itace da kuɗin niƙa da bashin da maƙwabta ba su biya ba. Za ki ga ɗaya ko biyu ne ke riƙe da sauran. Su za ki ƙara wa jari. A kiwo kuma, allurar rigakafin cutar PPR mai kashe awaki da tumaki, da rigakafin annobar da ke share kaji da hunturu, sun fi duk wata dawainiya da za ki yi musu a shekara. Ki sa maigida ko babban ɗanki ya tambayi malamin dabbobi ranar da ake yi.

Inda wannan dabara take da iyaka

Kada wani ya karanta wannan ya ce to riɗi ya fi kuɗi, bana duk gonakin riɗi ne. Iyayenmu da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya sun san abin da suke yi: in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, in ya daɗe dawa ta yi, wake ya gyara ƙasa ya ba dabbobi harawa. Farashin kayan sayarwa hawa da sauka yake, cikin yara kuwa kullum ne. Saboda haka a jerinka, abincin shekara na gida shi ne layin farko ko da lissafin kuɗi ya nuna wani abu ya fi shi riba. Tattara ƙarfi a kan gona mai kyau da aiki mai lokaci ake nufi, iri-irin shuka su tsaya yadda suke.

Jerin kuma yana sauyawa. Gonar da aka kwantar wa shanu shekara biyu tana iya hawowa sama, fadamar da ruwa ya fara yi wa zurfi ta sauka saboda tsadar mai. Bana, tun daga ranar shuka, ka rataye littafin a inda za ka gan shi, duk Juma'a bayan an sauko ka rubuta kwanakin da kowace gona ta ci da kuɗin da aka kashe mata. Da kaka, kafin a haɗa damman a bakin rumbu, a ƙirga na kowace gona tun tana can a rubuta a shafinta.